Jitar da Surajo Ya Gyara

Surajo dillalin albasa ne a Aliero, kuma a wannan sana'a ba mai raina shi. Yakan ɗauki albasa ya jinjina ta a tafin hannu, ya danna wuyanta da babban yatsa, ya gaya maka ko za ta kai Fatakwal lafiya ko za ta ruɓe tun kafin Kwantagora. Ba ya kuskure. Illarsa ɗaya ce: ya ɗauka duk abin da ke duniya da wannan yatsa ake gane shi.

A damunar da jihar Kebbi za ta cika shekara ɗaya ya raka motar albasa kudu, ya dawo da wani baƙin akwati mai ƙugu da dogon wuya. Bai wuce gida da shi ba. Rumfar dillalai ya kai shi, ya jira sai da aka taru, sannan ya buɗe.

Jita ce ta lantarki, irin mai rami a ciki. Tsakiyarta launin shayi, gefenta ya tafi baƙi-baƙi, tana ƙyalli har mutum na ganin haƙoransa a jikinta. Gabanta da bayanta sun ɗan yi tozo. Tsirkiya shida gare ta, da ƙarfe biyu a ƙarƙashinsu masu ɗaukar sauti, da maɓallai huɗu. A kowane gefe kuma akwai tsaga mai lanƙwasa, ta nan ake hango duhun cikinta.

Almu, taubashin Surajo, shi ya fara karɓa. Ya jinjina ta yadda ake jinjina albasa. Ya ƙwanƙwasa bayanta da yatsa, ya kara kunne.

"Taubashi, buhu nawa kac ce ka bayar?"

"Huɗu. Kuma mai ita har da hawaye da zai miƙo ta."

"Hawayen daɗi na," in ji Almu. "Wagga ai fanko ta. In da albasa ta, ko gindin buhu ba ka ɓoye ta."

Aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu. Kowane dillali ya jinjina, ya danna, ya girgiza kai. Wani ya leƙa ta tsagar ya ba da shaida cewa babu kowa a ciki. Wani ya ce ai ko banza tana da tsagar gado, a tambaye ta 'yar wane gida ce.

Ana cikin haka Malam Nuraddeen ya tsaya da babur ɗinsa sayen albasar miya. Malamin makaranta ne a Jega, kuma ya ɗan koyi jita a kwalejin horon malamai. Da ya gan ta sai ya manta da albasar. Ya goge hannuwansa a riga kafin ya taɓa ta. Ya zauna a kan buhu, ya murɗa kunnuwanta ɗaya bayan ɗaya har tsirkiyoyin suka daidaita, ya ja yatsa a kansu a hankali.

Ba a haɗa ta da lantarki ba, amma rumfar ta cika. Sauti ne mai kauri, mai taushi, irin muryar dattijon da ba ya ɗaga murya a zaure amma har na bakin ƙofa yana ji. In ya kaɗa tsirkiya ɗaya sai sautin ya shiga ramin ya ɗan zauna kafin ya fito. Mai ɗinkin buhu ya tsaya da allura a sama.

"Malam Surajo, ka san abin da ka samu?" in ji shi. "Dubi katakon nan, bai kai kaurin faranti ba. Babu ƙusa ko ɗaya, duk da gam aka haɗa, ka nemi bakin haɗin ka gani in za ka samu. Wanda ya yi ta ya san aikinsa. Ramin nan da kuke raina shi, shi ne darajarta."

"Abin da nike gaya musu ke nan," in ji Surajo, wanda bai gaya musu ba.

A nan ne Malam Nuraddeen ya kawo maganar biki. An kafa kwamiti, shi ne sakatare. Nan da mako uku za a tara makaɗan Jega da Aliero da Maiyama a Jega, a zaɓi ƙungiya ɗaya da za a ɗauka a bas zuwa Birnin Kebbi ta yi wasa ranar cikar jiha shekara. Shugaban kwamitin, Alhaji Isiyaku, ya riga ya faɗa a zama biyu cewa sabuwar jiha kiɗan zamani ya kamace ta. Wanda ake ganin zai yi takara shi ne Tamu, tsohon makaɗin noma na Karaye, da ganguna irin na kaka da kakanni. Jita kuwa, a garuruwan uku, babu sai wannan.

"Ka iya wani abu a kanta?"

Surajo ya iya kiɗa ɗaya. A bayan mota ya koya, tsakanin Fatakwal da gida, da tsirkiya biyu yake yin sa kamar mai molo. Ya kaɗa. Ba laifi, jitar ta rufa masa asiri.

"Ya isa," in ji Malam Nuraddeen. "Minti uku ake bukata. Ka kawo ta yadda take. In za a haɗa ta da lasifika ka tsaya nesa da bakin lasifikar. Ban da wannan, don Allah kada ka yi mata komai."

Surajo bai ji ƙarshen maganar ba, domin ya riga ya juya yana gaya wa rumfa cewa shi zai tafi Birnin Kebbi. Kafin la'asar ya gaya wa tela, ya ba da ɗinkin sabuwar riga. Kafin kwana biyu ya gaya wa surukansa na Andarai, ya ce su kunna rediyo ranar. Matarsa Iklima ta ji labarin a bakin mai tallar daddawa.

Gwajin farko ranar kasuwar Maiyama aka yi shi. Akwai wani Audu mai tallar maganin ciwon baya, yana da tsohuwar mota da ƙatuwar lasifika a samanta, da amfilifaya, na'urar ƙara sauti mai aiki da batir. Surajo ya roƙe shi aron minti biyar. Audu ya yarda, don yana ganin kiɗa zai tara masa jama'a.

Jama'a ta taru. Surajo ya jona waya, ya duba inda za a fi ganinsa, sai ya ga babu kamar gaban mota, daidai bakin lasifika, don kada wani ya yi zaton kaset ne. Ya murɗa maɓallan huɗu har ƙarshe. Ya ce da Audu shi ma ya ƙure nasa.

Bai ma kai ga taɓa tsirkiya ba. Wani ƙugi ya fara tasowa daga cikin jitar, ƙasa-ƙasa, har yana jin ta tana rawa a cikinsa. Sai ƙugin ya hau, ya zama kuka, kukan ya zama wata ƙara mai shiga haƙori. Bijimai biyu da wani Bafillace ya kawo sayarwa suka tsinke igiya suka bi ta layin masu tukwane. Wani da wanzami ke yi wa aski ya tashi da rabin kai, ya yi gabas. Masu nono suka dafe ƙorai. Surajo ya tsaya a inda yake, ya ƙara rungume jitar, ya ƙara matsawa kusa da lasifika don ya ji daga ina abin yake fitowa.

Audu ne ya fizge wayar batir.

"Malam, wanga wane irin kiɗi na?"

"Ban soma ba tukuna."

"To kada ka soma. Shekara tara ina tara mutane a kasuwag ga, ban taɓa ganin an watse haka ba ko da ruwa."

"Ƙarfi gare ta," in ji Surajo. "Lasifikarka ta saba da maganin baya."

Mai tukwane ya iso da guntayen tulu a hannu, Bafillacen yana biye da shi da guntuwar igiya. Aka ɗauki lokaci ana bayani. Surajo ya bar Maiyama da la'asar, ta bayan kasuwa.

A hanya ya gano cutar. Abu ne da ya sani tun yana yaro: duk albasar da cikinta ya yi rami, a nan ɓarna take zama. Almu ya yi gaskiya, amma wannan ba magana ce da za a gaya wa Almu ba. Maganin rami cikawa.

Washegari Iklima ta dawo daga gidan suna ta tarar da matashin kanta a farke, mijinta zaune a tabarma yana tura auduga cikin tsagar jita da sifokin keke.

"Maigida, matashin nawa na?"

"Aikin jiha na."

"Jiha ba ta da matashi?"

"In na dawo Birnin Kebbi kin samu na soso."

Ya koma wurin Audu ranar da ba kasuwa, a bayan gari, bayan Audu ya sa shi ya rantse zai tsaya inda aka ce. Audu ya ja layi a ƙasa da ƙafa, taki goma daga mota. Aka jona. Ƙarar ba ta tashi ba. Surajo ya kaɗa kiɗansa ɗaya, ya fita lafiya, sai dai kaurin nan ya ragu, kamar dattijon ya yi mura.

Wannan nasara ita ta ƙarasa shi. Bai lissafa taki goman ba. Audugar kaɗai ya gani. In rabin matashi ya yi wannan aiki, in ji shi, ina ga abu mai nauyi? Har yanzu in ya jinjina ta hannunsa ba ya gamsuwa, kuma Almu bai daina kiranta fanko ba.

Gero ya zaɓa, don shi ke ratsa ko'ina. Ya ɗauko mazurarin kananzir ya wanke, ya ɗura tiya biyu ta tsagar dama, yana girgizawa yana ƙarawa, har ya fara leƙowa ta ta hagu. Iklima tana tsaye a bakin madafa. Lokacin damuna ne, hatsi ya yi ƙasa a rumbu, kowace tiya an san ranar da za ta shiga turmi.

"Ita ma da mu za ta riƙa ci?"

"Sau ɗaya na."

"To ka gaya mata ranar Laraba tuwon dawa za a yi, don ita ta cinye geron."

Ya kai ta rumfar dillalai ya miƙa wa Almu. Almu ya karɓa da hannu ɗaya, sai ya yi sauri ya kawo na biyu.

"A'a. Yanzu kam ta yi ƙwari." Ya girgiza ta, ta amsa da caccaka. "Mi ad ciki?"

"Sirrin sana'a. Da jita ɗaya ce, yanzu ga jita ga caki. Mutum biyu nike ni kaɗai."

Dillalai suka jinjina ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yarda yanzu ta kai buhu huɗu. Ba wanda ya ce a kaɗa a ji.

Saura kwana shida taro, sai Surajo ya yi tunanin ajiya. Akwatinta bai kwanta masa ba: rufaffe ne ruf, babu inda iska za ta shiga, kuma duk ɗan Aliero ya san abin da rufi yake yi wa kaya mai daraja. Ya cire ta daga ciki, ya sa ta a buhun albasa, ya ɗora ta a kan gadon kara a rumfar ajiyarsa ta bayan gida, wadda iska ke ratsawa ta kowane gefe. Sannan ya tafi Jega ya kwana biyar a gidan wani abokinsa, yana zagaya 'yan kwamiti yana gaishe su, yana tambayar ko kujerar gaba ta bas tana da mai ita.

A cikin kwana biyar ɗin an yi ruwa uku, biyu da iska.

Ya dawo ana gobe taro. Da ya zare buhun, sai ga wani kore shar yana leƙowa ta tsagogin biyu, tsawon ɗan yatsa, a tsaye, cikin ƙoshin lafiya. Auduga ta riƙe ruwa, gero ya samu abin da yake so.

Maƙwabta suka shigo kallo. Manoma ne duka, don haka ba wanda ya yi dariya da farko. Tsiron suka duba.

"Wane iri na wanga?" in ji wani. "Ko ɗaya bai faɗi ba."

"Nawa na tudu bai yi haka ba, kuma da taki."

"Ya yi yawa wuri guda," in ji Almu. "Taubashi, sai ka yi tsuge, ka bar bibbiyu."

"Ado na," in ji Surajo. "Kore ai launin tutar ƙasa na."

Duk da haka da suka fita ya sa reza ya aske shi. Ya kife jitar ya girgiza don geron ya fito. Ƙwaya bakwai suka faɗo. Sauran sun kumbura, saiwa ta kama auduga, sun zama abu ɗaya. Ya ɗan danna bayanta da babban yatsa, ya ji tauri ko'ina, ya ce alhamdu lillahi.

Ranar taro an wayi gari da yayyafi, rana ba ta fito ba. A filin wata makaranta a Jega aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka shimfiɗa wa teburin kwamiti farin ƙyalle. Audu ne aka ɗauka ya kawo lasifika. Mutanen Aliero sun cika mota guda sun zo, Almu a gaba. Surukan Andarai ma sun turo wakili.

Surajo ya zo cikin sabuwar riga da sabon takalmi. Ya ja Audu gefe suka gwada a hankali. Abin da ya fito daga lasifika ya yi kama da tuyar ƙosai, can a ƙarƙashinsa kuma wani sauti kamar ana buga katifa.

"Sanyi ta ji," in ji Audu. "Ko ka kira Malam Nuraddeen ya duba?"

"Malam na makaranta na. Wanga aikin hannu na."

A bayan azuzuwa ya hango hayaƙi. Tamu ne da makaɗansa uku, sun tsuguna gefen wata 'yar wuta ta kara. Haka makaɗa suke yi in damuna ta saki fatar ganga: a nuna ta ga wuta, a juya, a ɗan buga a saurara, har muryarta ta dawo. Surajo ya tsaya yana kallo. A gabansa wata ganga da ke cewa bub ta fara cewa bam, ta koma kan, tsaf kamar an sake ta.

Bai taɓa ganin hujja mai ƙarfin wannan ba.

"Baba Tamu, barka da hutawa. Ku ɗan matsa mini."

Tamu tsoho ne siriri, ba ya gaggawar magana. Ya dubi jitar, ya dubi mai ita.

"Ta fata ta, ɗana?"

"Ta katako ta. Ta Turai."

"To mu fata muke gasawa."

"Abin da yag gyara fata ai shina gyara katako. Kafinta ma busasshe shike nema."

"Ban taɓa ganin kafinta ya gasa kujera ba."

"Baba, ku kun tsaya ga na da. Kuma wagga wuta taku ko kunu ba ta ɗumamawa."

Gaskiya ne wutar tana shan wahala, karan ya jiƙe, hayaƙi ya fi harshe yawa. Surajo ya naɗe hannun sabuwar riga. Ya fasa karan ya fito da busasshen cikinsa, ya jera su yadda iska za ta bi ta ƙasa, ya cire hula ya yi fifita. Cikin minti biyu wuta ta tashi har gwiwa, babu hayaƙi. Makaɗan suka ja da baya da gangunansu, suna yaba masa. Tamu ma ya gyaɗa kai.

Tamu yakan riƙe ganga nesa da wuta kamu uku, tafinsa a kan fata, in ya ji zafi ya ishi hannunsa ya san ya ishi ganga. Surajo ya lura da haka, amma ya yi lissafin cewa katako ya fi fata kauri, jita kuma ta fi ganga daraja, saboda haka ita ya kamata ta fi kusa. Ya kafa duwatsu biyu, ya jingina ta, bayanta ga wuta.

"Ɗana, sa hannunka a kai."

"Ba ta bukata. Bari in gai da Alhaji."

Gaisuwar ta ɗauki lokaci, domin akwai batun masauki a Birnin Kebbi da yake so a fahimci juna tun yanzu: shi ba ya iya kwana ɗaki ɗaya da mai minshari. Alhaji Isiyaku ya ce za a duba. Ya ƙara da cewa shi dai kiɗan zamani yake jira, da shi za a buɗe.

Da Surajo ya koma, ɗaya daga cikin makaɗan ya riga ya ja jitar baya da ƙafa, amma bayan an makara. Fentin bayanta ya yi bororo kamar ƙuna. Tururi yana fita ta tsagogin biyu a hankali, da wani ƙamshi da duk wanda ya taɓa zama kusa da madafa ya sani.

"Ta nuna," in ji makaɗin. "A kawo nono?"

Lasifika ta kira sunan Surajo.

Ya rataya ta, ya ji zafinta ya ratsa riga, ya cusa hularsa tsakaninta da cikinsa. Ya fito fili babu hula, mutanen Aliero suka yi tafi. Ya tsaya a layin da Audu ya ja masa. Ya gai da shugaba, ya gai da kwamiti, ya yi bayanin cewa wannan jita da ya same ta fanko ce, shi ya kammala ta. Malam Nuraddeen ya ɗago kai daga takardunsa.

Surajo ya taɓa tsirkiya, ya ji ta saki. Zafi ya narkar da gam, wuyan jitar ya fara sunkuyowa gaba, amma shi abin da ya gani tsirkiya ce ta yi sako-sako, maganinta kuwa ɗauri. Ya murɗa kunne. Tsirkiyar ta ja wuyan, wuyan ya biyo ta, sautin ya tsaya inda yake. Ya ƙara murɗawa. Ya bi shidan duka, har da huɗun da ba ya amfani da su. Lasifika tana kai wa jama'a kowane ƙiƙ da katakon yake yi.

"Malam Surajo," in ji Malam Nuraddeen, ya miƙe tsaye. "Dakata. Sassauta su."

"Yanzu za ka ji, Malam."

Ya ɗaga hannu ya sauke a kan tsirkiya shida gaba ɗaya.

An ji har bakin titi. Wuyan ya taso ya bar gurbinsa, bayan jitar ya ɓalle tun daga ƙugu har ƙasa, tiya biyu na dafaffen gero da rabin matashin Iklima suka sauka a dunƙule a kan sabon takalmi. Takalmin buɗaɗɗe ne. Surajo ya yi tsalle da ƙafar dama, ya sauka, ya yi da ta hagu, ya zagaya, jitar tana lilo a wuyansa gida biyu. Wasu daga baya, da ba su ga abin da ya zubo ba, suka fara tafi bisa takunsa. Kaji uku suka shigo fili ba tare da an kira su ba.

Alhaji Isiyaku ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Malam Sakatare, wannan shi ne na zamanin?"

"Shi ne da, ranka ya daɗe."

"Ya ƙare, ko da saura?"

"Ya ƙare."

Malam Nuraddeen ya zagayo ya ɗauki ɓallen bayan jitar. Ya share geron da gefen hannu, ya duba cikin katakon, inda maƙerinta ya goge shi sumul duk da ya san ba mai gani. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya jingina shi a ƙafar tebur a hankali, ya koma kujerarsa, ya kira Tamu.

Gangunan Tamu ba su taɓa yin murya irin ta ranar ba; wuta ta yi musu daidai. Kafin a yi nisa wani ɗan kwamiti ya manta da kujerarsa ya shiga fili yana taka rawar noma da laima a maimakon fartanya. Ba a yi doguwar shawara ba. Sakatare ya rubuta sunan Tamu da mutanensa.

Surajo yana zaune a kan dakalin aji, ƙafafunsa cikin bokitin ruwa, Almu ya zo ya zauna kusa da shi.

"Taubashi, ranar tahiya ƙarfe nawa bas ke tashi? Mun yi shawara duk rumfa za mu zo rakiya. Na Andarai ma ya ce a gaya mai."

Surajo ya ƙara nutsa ƙafafunsa cikin ruwan.

Tamu ya zo wucewa, ana ɗauke masa da ganguna. Ya tsaya.

"Ɗana, yaya ƙafa?"

"Da sauƙi, Baba."

"Birnin Kebbi ma damuna ta. Kuma an ce da safe za mu yi wasa. Waɗanga nawa," ya nuna makaɗansa da haɓa, "shekara ashirin ba su iya tada wuta da jiƙaƙƙen kara ba. An ba mu kujera biyar, mu huɗu na."

Surajo ya dubi bokiti. Ya dubi Almu. Ya ce zai duba ayyukansa ya gani. Tamu ya ce to, ya fara tafiya. Surajo ya ce ya duba.

Ranar tafiya rumfar dillalai ta zo tashar Jega kamar yadda ta yi alkawari, har da wakilin Andarai. Suka tarar da Surajo cikin sabuwar rigarsa, an wanke an goge, da damin kara a kafaɗa da ashana a aljihun gaba. Yana gaya wa direba inda ya kamata a ɗaura kaya.

"Taubashi," in ji Almu, "to wace kake kaɗawa cikinsu?"

"Kaɗawa ta yara ta. Ni ad da alhakin sautin duka. In ban sa hannu ba, ba a jin komi."

Tamu ya leƙo ta taga.

"Wuta kawai. Direba, ka zama shaida: in ya taɓa ganga ko da yatsa guda, a sauke shi Kalgo."

Bas ta tashi. Gangunan suna jere a kujerar da ke gabansa, babbar tana ɗan gogar gwiwarsa duk lokacin da aka shiga rami, kuma tun daga fitar gari yake ganin kamar igiyarta ɗaya ta yi sako-sako. An wuce Kalgo da shi, hannuwansa biyu cikin aljihu.